Takardar shaidar ƙwarewar direban telehandila

Takardar shaidar ƙwarewar direban telehandila takarda ce ko kati da ake bai wa mutumin da ya samu horo kuma ya ci jarrabawa a kan sarrafa telehandila, wato motar ɗaga kaya mai dogon hannu wanda ke miƙewa yana komawa. Takardar ta bambanta da lasisin tuƙi. Lasisi yana ba mutum damar hawa titi da abin hawa, ita kuwa wannan takarda tana nuna cewa mai ita ya san yadda ake ɗaga kaya masu nauyi zuwa sama, a ajiye su inda ake so, ba tare da motar ta kife ko kayan sun faɗo wa mutane ba.

A Najeriya, Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Aikin Yi ta Tarayya ce ke da alhakin kula da lafiyar ma'aikata a masana'antu, ciki har da masu sarrafa injinan ɗaga kaya. A Kano ana buƙatar irin waɗannan direbobi a manyan wuraren gine-gine da masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya, waɗanda galibinsu suna wajen ganuwar birni.

Suna

Kalmar telehandila aro ce daga Turanci, inda aka haɗa kalmomi biyu: ɗaya tana nufin abin da ke zurma cikin juna yana fitowa kamar madubin hangen nesa, ɗayar kuma tana nufin mai sarrafa kaya. Har yanzu na'urar ba ta samu tsayayyen suna a Hausa ba. Mutane da yawa suna kiran kowace babbar motar aikin gini da suna katafila, wanda shi ma asalinsa sunan kamfanin Caterpillar ne na ƙasar Amurka.

Hausa takan gyara kalmar aro ta dace da tsarin gaɓarta. Takan saka wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, takan kuma rufe kalma da wasali. Ta haka ne aka samu kalmomi irin su direba da tirela da gireda da tifa. Wanda ke sarrafa irin wannan mota ana ce masa direba, a wuraren aikin kamfanoni kuma akan ji ana cewa afareta.

Na'urar da tarihinta

Telehandila ta haɗa aikin injina biyu. Tana da yatsun ƙarfe guda biyu a gaba kamar ƙaramar motar ɗaga kaya ta cikin sito, tana kuma da hannu mai tsawo kamar na injin ɗaga kaya na wurin gini. Hannun yana kafe ne daga bayan motar, ya bi ta gefen ɗakin direba ya fito gaba, kuma ƙarfin man haidirolik ne ke ɗaga shi da miƙa shi. Ana iya cire yatsun a maƙala bokitin kwasar yashi, ko ƙugiya, ko kejin ɗaukar ma'aikata idan an ƙera motar don hakan.

Tayoyinta huɗu manya ne, an yi su don ƙasa marar kwalta. Yawancin motocin suna da salon juya sitiyari iri uku: tayoyin gaba kaɗai don tafiya a titi, tayoyi huɗu don juyawa a matsattsen wuri, da tafiyar ƙaguwa inda motar ke gusawa a karkace. Manya daga cikinsu suna da ƙafafun tokare guda biyu a gaba, waɗanda ake saukewa ƙasa kafin a miƙa hannu.

Na'urar ta bunƙasa ne a nahiyar Turai. Kamfanin JCB na ƙasar Ingila ya fitar da samfurinsa na farko mai suna Loadall 520 a shekarar 1977. Kamfanin Merlo na ƙasar Italiya ya fitar da tasa a shekarar 1981, sannan a shekarar 1991 ya kawo mai juya saman jikinta. Sauran sanannun masu ƙera ta sun haɗa da Manitou na ƙasar Faransa, da Dieci na Italiya, da JLG da Genie na Amurka. Lambar da ke jikin mota takan nuna ƙarfinta. Misali JCB 540-170 tana nufin mota mai ɗaukar tan 4, wadda hannunta ke kai wa kusan mita 17.

Dalilin neman takarda

Babban haɗarin telehandila shi ne kifewa. Tayoyin gaba su ne kamar tsakiyar sikeli: nauyin motar yana baya, nauyin kaya yana gaba. Duk lokacin da aka miƙa hannu, kayan suna ƙara nisa daga tayoyin gaba, ƙarfin da suke janyo motar da shi yana ƙaruwa. Ana lissafin wannan ƙarfi ta hanyar ninka nauyin kaya da nisansu. Buhun siminti 40, kowanne mai kilo 50, nauyinsu tan 2 ne. Idan suna nisan mita 2 daga tayoyin gaba, sakamakon lissafin 4 ne. Idan aka miƙa su zuwa mita 6, sakamakon ya zama 12, wato ninki uku, alhali ba a ƙara ko buhu ɗaya ba. Saboda haka motar da ke ɗaukar tan 4 a kusa da jikinta, abin da za ta iya riƙewa idan an miƙe hannun gaba ɗaya yana raguwa ƙwarai.

Akwai kuma kifewa ta gefe. Idan hannu yana sama, nauyin motar ma ya koma sama, don haka ɗan gangare ko rami ko taya marar isasshiyar iska ya isa ya kayar da ita. Wannan yana faruwa har da motar da ba ta ɗauke da komai.

Sauran haɗurran sun haɗa da taɓa wayar wutar lantarki da hannun motar, da take mutum lokacin komawa baya, da zamewar kaya daga kan yatsu, da ɗaga mutum a kan yatsu ko a cikin bokiti. Ɓangaren dama na motar yana da wuyar gani, domin a nan hannun yake wucewa ya tare idon direba. Mutum yana iya shekaru yana tuƙa tifa ko tarakta bai taɓa cin karo da waɗannan abubuwa ba, shi ya sa ake ware wa telehandila horo na daban.

Abin da ake koyarwa

Horon ya kasu kashi biyu, na aji da na fili. Tsawonsa ya danganta da gogewar ɗalibi: sabon shiga yakan ɗauki kwanaki da yawa, wanda ya daɗe yana aiki kuma akan taƙaita masa. Darussan da aka saba koyarwa su ne:

- Duba mota kafin fara aiki: man inji, man haidirolik, ruwan lagireto, iskar taya, birki, oda, madubai, fitilu, da tsagewa a jikin yatsu ko yoyo a tiyo.
- Karanta jadawalin nauyi, wato zanen da ke cikin ɗakin direba mai nuna nauyin da aka yarda a ɗauka a kowane tsawo da kowace kusurwa. Kowane abin da aka maƙala a gaba yana da nasa jadawalin, haka kuma jadawalin ya bambanta idan an sauke ƙafafun tokare da idan ba a sauke ba.
- Sanin nauyin kaya kafin a taɓa su, da sanin inda tsakiyar nauyinsu take.
- Duba ƙasa: tauri ko laushi, gangare, bakin rami, murfin kwalbati da wurin da aka cike.
- Tafiya da kaya a ƙasa-ƙasa, hannu a janye, da hawa ko sauka daga gangare kayan suna fuskantar tudu.
- Ajiye kaya a sama, a kan bene ko dandamalin magina, tare da jan birkin hannu da daidaita motar kafin a ɗaga.
- Alamomin hannu tsakanin direba da mai ba shi hannu. Ƙa'ida ita ce direba ya bi mutum ɗaya tak, amma alamar tsayawa ana karɓarta daga kowa.
- Canza abin da ke gaban hannu da tabbatar da cewa ya kulle.
- Ajiye mota bayan aiki: yatsu a ƙasa, birki a ja, makulli a cire.

Motocin zamani suna da na'urar da ke auna nauyin da ya rage a kan tayoyin baya. Idan ya yi ƙasa sosai takan kunna fitila ta yi ƙara, a wasu motocin ma takan hana hannu ci gaba da miƙewa. Ana koya wa ɗalibi cewa wannan na'ura gargaɗi ce game da kifewa ta gaba kawai, ba ta hana kifewa ta gefe, kuma ba sikelin auna kaya ba ce. Ana kuma koya masa ya ɗaura bel, idan motar ta fara kifewa ya zauna a ciki ya riƙe sitiyari, domin wanda ya yi tsalle shi ne motar ke dannewa.

Jarrabawa

Jarrabawar tana da ɓangaren tambayoyi da ɓangaren aiki. A ɓangaren tambayoyi, wanda ake yi a rubuce ko da baki, akan ba ɗalibi jadawalin nauyi a tambaye shi ko motar za ta iya kai wani kaya wani wuri. A ɓangaren aiki, mai jarrabawa yana kallonsa yana duba mota, yana ɗaukar kaya, yana bi ta matsattsiyar hanya gaba da baya, yana loda babbar mota yana sauke ta, sannan yana ɗora kaya a wuri mai tsawo. Kuskuren da ke jefa rai cikin haɗari, kamar tafiya hannu a sama ko komawa baya ba tare da waiwaye ba, yana iya kayar da ɗalibi ko da sauran aikinsa ya yi kyau.

Takardar kan ɗauki sunan mai ita da hotonsa, da rukunin motar da aka gwada shi a kai, da ranar bayarwa da ranar ƙarewa. Wanda aka gwada a kan mota marar juyawa ba a ɗaukarsa a matsayin ƙwararre a kan mai juya saman jiki, sai ya sake horo.

Doka da hukumomi a Najeriya

Dokar Masana'antu ta shekarar 1987 ta tanadi cewa injinan ɗaga kaya da sarƙoƙi da igiyoyinsu su kasance masu inganci, a riƙa bincika su lokaci-lokaci, a kuma rubuta iyakar nauyin da suke ɗauka. A shekarar 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan kayan ɗaga nauyi, waɗanda suka shafi rajistar injinan da binciken su da kuma shaidar cancantar masu sarrafa su. Sashen kula da lafiya da kariyar ma'aikata na ma'aikatar ne ke aiwatar da su, ta hannun sufetocin masana'antu da ke ofisoshin jihohi.

Akwai wasu takardu da hukumomi da suka shafi wannan sana'a:

- Lasisin tuƙi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a shekarar 1988, ita ce ke tsara lasisi tare da hukumomin jihohi. Rukunin F na tarakta ne da injinan noma, rukunin G na tirela, rukunin H kuma na motocin haƙa da ture ƙasa.
- Gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, mai matakai uku. Ana farawa daga mataki na III, sai na II, sai na I wanda shi ne mafi girma. Direbobi da makanikai da masu walda sun daɗe suna amfani da shi wajen neman aikin gwamnati da ƙarin girma.
- Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda aka kafa a shekarar 1971, hedikwatarsa tana Jos. Kamfanonin da doka ta shafa suna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu na shekara, ana kuma mayar musu da wani kaso idan sun nuna shaidar horar da ma'aikata. Asusun yana da ofishi da cibiyar koyar da sana'o'i a Kano.
- Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a shekarar 1977, hedikwatarta tana Kaduna. Ita ce ke kula da tsarin shaidar ƙwarewar sana'a na ƙasa, wato NSQ. A cikin tsarin akwai hanyar tantance mutumin da ya koyi sana'a a hannun maigida, a gwada shi a wurin aikinsa a ba shi takarda ba tare da ya koma aji ba. Masu sana'a na kasuwar Panteka da ke Kaduna suna cikin waɗanda aka fara shigarwa wannan tsari.
- Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta shekarar 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki.

Horon telehandila kansa galibi cibiyoyi masu zaman kansu ne ke bayarwa, ko dillalan injinan, ko kuma manyan kamfanonin gine-gine da na mai waɗanda ke horar da ma'aikatansu. Yawancin irin waɗannan cibiyoyi suna Legas da Fatakwal, inda harkar tashar jiragen ruwa da ta man fetur ta fi ƙarfi.

A Kano

Ɗaukar kaya tsohuwar sana'a ce a Kano. Bayan jirgin ƙasa ya iso birnin a shekarar 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuma lebura ne suka riƙa jera buhuna da ka har suka zama dalar gyaɗa. Har yanzu 'yan dako da masu kura da masu baro su ne ke ɗaukar mafi yawan kaya a kasuwannin Kurmi da Kwari da Singa da Dawanau.

A cikin birni, wato ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, tsarin unguwanni bai ba babbar mota damar aiki sosai ba. Faɗin telehandila ta wurin gini ya haura mita 2, nauyin babba kuma ya wuce tan 10, alhali lunguna da yawa a unguwanni irin su Madabo da Koki da Yakasai ba sa ɗaukar ko ƙaramar mota. Akwai kwatami a gefen hanya, da wayoyin lantarki da ke ƙetare lungu a ƙasa-ƙasa, da katangun ginin ƙasa waɗanda ɗan gogar ƙarfe ke iya rushewa. Haka kuma an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, kuma irin wannan ƙasa tana iya lotsawa a ƙarƙashin taya ko ƙafar tokare. Saboda haka idan ana gini a cikin lungu, akan sauke bulo da rodi da siminti a bakin titi, sannan a shigar da su da baro ko kura. Inda injin ke iya aiki shi ne manyan titunan da suka ratsa ƙofofi kamar Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Mata da Ƙofar Kabuga, da filayen makarantu da asibitoci.

Aikin direban injinan ɗaga kaya ya fi samuwa a wajen ganuwa: yankunan masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, da wuraren gina gadoji da manyan shaguna, da tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Akwai kuma manyan ayyuka kamar titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa tun daga shekarar 2021, da bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano. Telehandila ba ta kai ƙaramar motar ɗaga kaya ta sito ko katafila yawa a Kano ba.

Yanayin garin yana shafar aikin. A lokacin hunturu ƙura tana toshe matatar iska ta inji, hazo kuma yana rage gani. A lokacin bazara zafi yana sa inji da man haidirolik su ɗau zafi da wuri. Da damina kuwa, ƙasar da ta yi tauri jiya tana iya yin laushi bayan ruwan dare ɗaya, don haka sai an sake duba ta kowace safiya.

Hanyar koyo da aka fi sani a Kano ita ce ta zama yaron oga. Yaro yana farawa da wanke mota da zuba mai da shafa giris, daga baya a bar shi ya motsa ta a fili, har ya kai ga karɓar aiki. Wannan hanya tana samar da direbobi masu hannu, amma ba ta ƙarewa da takarda. Idan babban kamfani ya zo ɗaukar ma'aikata yakan nemi shaida a rubuce, sai wanda ya shekara goma a kan inji ya rasa aikin, ko a ɗauke shi a matsayin lebura.

A wasu ƙasashe

A Birtaniya akwai tsarin CPCS, inda telehandila ke rukunin A17, mai juyawa kuma A77. Wanda ya ci jarrabawa yana samun jan kati na shekara 2, idan ya kammala shaidar ƙwarewa a bakin aiki sai a ba shi shuɗin kati na shekara 5. Akwai kuma tsarin NPORS. Dokar ƙasar ta shekarar 1998 ta ce a yi wa injin ɗaga kaya cikakken bincike duk wata 12, idan kuma yana ɗaga mutane duk wata 6.

A Amurka hukumar OSHA ta ɗora wa mai kamfani nauyin horar da direba da gwada shi, da sake duba aikinsa aƙalla sau ɗaya a cikin shekara 3. A Faransa ana amfani da takardar CACES R482 rukunin F, wadda ke aiki shekara 10. Takardar wata ƙasa ba ta zama ta wata kai tsaye, don haka ɗan Najeriya da ya tafi aiki ƙasashen Larabawa ko Turai akan sake gwada shi a can.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce harshe. Littafin mota da jadawalin nauyi da tambayoyin jarrabawa duk da Turanci suke zuwa, yayin da direbobi da yawa a Arewa karatun allo da na Islamiyya suka yi, ko kuma ba su yi nisa a boko ba. Jadawalin kansa lambobi ne da zane, ana iya koyar da shi da Hausa, amma babu daidaitattun kalmomin Hausa na sassan motar da malamai suka amince da su.

Ta biyu ita ce kuɗi da nisa. Wanda zai je kudu neman horo sai ya biya kuɗin makaranta da na mota da na masauki, ya kuma bar aikinsa na kwanaki.

Ta uku ita ce takardar da ba a yi gwaji kafin a bayar ba. Takardar halartar kwas ba ɗaya take da takardar cancanta ba, domin ta farko tana nuna mutum ya zauna a aji ne kawai. Shi ya sa kamfanoni masu kula sukan tuntuɓi cibiyar da ta ba da takarda, su kuma sa mai neman aiki ya hau mota a gabansu kafin su miƙa masa makulli.

Ta huɗu ita ce halin motocin. Da yawa daga injinan da ake shigowa da su na hannu ne, wani lokaci jadawalin nauyi ya goge ko na'urar gargaɗi ta lalace. A tsarin horo, direba yana da hakkin ya ƙi ɗaga kaya da motar da ba ta da jadawali, ya kuma sanar da shugaban wurin aiki a rubuce.

Duba kuma

- Lasisin tuƙi a Najeriya
- Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu
- Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa
- Dalar gyaɗa
- Ganuwar Kano
- Kasuwar Kurmi